Ɗakin Bakin Burtali

A shekarar da Malam Ɗanmusa ya rasu, babu mai hankalin da zai sayi gida a Anka. Gida gadonsa ake yi, ko a kwaɓa ƙasa a gina. Wanda ya ce zai sayar da nasa, sai a fara bincike ko caca ya shiga.

Shekara shida bayan nan, cikin 1981, ƙasar da ake kwaɓawa da ƙafa ta zama abin da ake yi wa rantsuwa. Gwamnati ta kafa ƙaramar hukuma a garin, ta turo ma'aikata masu takalmi sau-ciki, da matansu da ba sa iya barci a ɗakin da babu taga. Gidan da a da bai wuce kuɗin shanu biyu ba, yanzu in ka taya shanu tara mai shi zai ɓata rai kamar ka zagi kakarsa. A Gummi abin ya fi haka. Bukkuyum kuwa jita-jita kawai aka yi cewa ita ma za a ba ta tata hukumar, sai kangayen da awaki ke kwana a ciki suka wayi gari kowanne da magada.

Zinariya, 'yar marigayin, aji huɗu ta yi a firamare. Ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo gida da keken ɗinkinta. Ba ta nemi shiga harkar gidaje ba. Yayanta Atiku ne ya jefa ta ciki, da hannunsa, yana ganin wayo ya yi.

Ranar rabon gado, Atiku ya zaɓi tsakiyar gida, wajen soro da inuwar dogon yaro. Ƙaninsa Muntari ya bi bayansa kamar yadda ya saba tun suna rarrafe. Aka haɗa rabon Zinariya da tumunin mahaifiyarta, Inna Saratu, aka tura su ƙuryar yamma: ɗaki biyu da rijiya, jikin katangar da ta yi iyaka da burtali, inda shanun Fulani ke wucewa safe da yamma suna barin abin da shanu kan bari. Atiku ya ce mata ba su damu da ƙuda ba. Alƙali ya rubuta, shaidu suka shafa fatiha.

Sai masu awon ƙasa suka zo neman inda za su bi da hanyar sakatariya. Suka zagaye garin kaf, ba su ga hanyar da ta miƙe kamar wadda shanu suka fitar ba.

Ƙurya ta zama fuska. Soron Atiku ya koma lungu.

Shi ya sa wata rana da hantsi ya sauka daga motar Gummi, inda yake da rumfar atamfa. Bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Ya jawo kujera ƙofar ɗakin Inna, ya ce a tsayar da keken nan.

"Alhaji Mainasara ya ƙara," in ji shi. "Dubu biyar, gidan duka. Amma ya ce ba ya sayen riga babu gaba. In ba bakin hanya, ba ciniki."

Alhaji Mainasara dillalin jakuna ne a da. Shi ya fara gane cewa gida ya fi jaki, tunda ba ya ci, ba ya harbi, ba ya mutuwa a hannun mai saye.

"Allah shi ba shi wani," Zinariya ta ce, tana tsinke zare da haƙori.

"Ke za ki ba shi. Yatsa guda za ki dangwala."

"Yaya, ba kai kac ce mata ba su damu da ƙuda ba? Mun saba da su. Yanzu da sunka tahi ma kewarsu muke."

Atiku ya haɗiye wannan. Ya daɗe yana haɗiye ta.

"Na san abin da kike so," ya ce. "Wancan Bahillacen mai allura."

Lado yake nufi, malamin dabbobi, ɗan ruga da aka kama yana yaro aka kai makaranta, ya fito da takarda da sirinjin shanu. Wata bakwai ke nan yana zuwa zance wurin Zinariya, kuma garin ya gama sani.

"To, ji. Ki sa hannu, in ɗaura muku aure Juma'a mai zuwa, goro daga aljihuna. Ki ƙi, ni ne waliyyinki, kuma ba ni ba da ƙanwata ga mutumin da gidan ubanai ake naɗewa a ɗora wa sa. Shi kawo gida mai katanga in gani da idona."

"Ka san babu gidan da albashinai zai saya yanzu."

"Shi ya sa nac ce ki sa hannu. Rabonki da shanunai, ku samu wani abu Bukkuyum. Kowa ya huta."

Inna tana gefe tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Ni kuma ina za a aje ni, Atiku?"

"Gummi, Inna. Na ware miki ɗaki."

"Wanda kake aje dilolin atamfa?"

"Za a kwashe su."

"A'a, bar su. Sun riga ni."

Zinariya ta ninke rigar da ke hannunta.

"Yaya, ka tuna Baba Yahaya wanzami? Bara waccan ya sai da nashi gida, ya yanka rago, munka ci. Yau haya yake a zauren gidan da anka haihe shi. Watan jiya an ƙara mishi."

"Yahaya wawa ne."

"Ranar da ya sayar kowa cewa ya yi mai rabo ne. Kai ma ka ci ragon."

Atiku ya miƙe, ya karkaɗe bayan rigarsa.

"Akwai hanya ta ukku, ita ta fi daraja. Alhaji da bakinai ya yi magana. Aurenki yake so."

"Ni, ko rijiya?"

"Zai zo bayan la'asar. Ki sa zane na kirki."

Ya zo kuwa, a fijo, ko da yake tsakanin gidansa da nasu bai kai a tayar da mota ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Zinariya ta fito da zanen da take ɗinki da shi, ta zauna a dokin ƙofa.

"Ɗiyar Malam," in ji Alhaji, "bari in gaya miki yadda duniya take. Anka bana gida goma sha ɗaya anka sayar, tara ta hannuna sunka bi. Gummi ba na sayarwa ma, sai haya, kuma hayar ɗaki guda a shekara ta kai abin da a da ake gina ɗakin da shi. Mafara ta riga ta tsere. Bukkuyum ce yanzu take tasowa, mai ido can yake zuba kuɗinai. Amma duk inda na zaga, ban ga kusurwa irin taku ba. Ga hanya, ga ruwa, ga sakatariya kamar ka miƙa hannu. Shago huɗu za ta ɗauka, da ɗakunan haya a baya."

Zancen soyayyar ke nan. Wasu mazan kan yabi ido da wushirya. Alhaji ya yabi kusurwa, kuma da gaske muryarsa ta yi rawa.

"Alhaji, kai da ka san farashin komi, nawa ne auren bazawara bana?"

Dillali ba ya jin tambayar farashi ya yi shiru. Kafin ya yi tunani baki ya riga shi.

"Da sadaki da kaya, na mutunci, a ce ɗari huɗu."

"Bakin hanyar fa, in an ware shi shi kaɗai?"

Ya duba rufin zaure, ya ƙirga azara.

"Bai gaza dubu biyu ba."

"To, ka ga. Ni ce araha. Ka sayi igiya, akuya ta biyo ka gida."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Bai ji haushi ba. Mai sana'a yana girmama wanda ya gane sana'arsa.

"Dukiyar mace tata ce, ɗiyar Malam. Shari'a ta ce."

"Ta ce. Amma ba shari'a za ta zamna da kai shekara goma kana tambaya safe da yamma ba."

"Ke nan ba ki so?"

"Ba ni so, Alhaji. Na gode da ka tayar da mota."

Ya tashi yana neman takalmansa. Sai da ya sa ƙafa ɗaya ya juyo.

"Ki gaida mini malamin dabbobi. Shekaranjiya na sayi wani ɗan gida Bukkuyum, bayan kasuwa, mai tsamiya a tsakar gida. An ce wani ya taya, ya tahi daji kawo shanu. Shanu ba su da sauri, ɗiyar Malam. Fijo tana da shi."

Zinariya ta san gidan. Lado ya kwatanta mata shi har ta san inda za ta ajiye keke. Ta riƙe fuskarta har motar ta tashi.

Atiku duk yana bayan ƙyaure yana ji. Ya fito ya tsaya a kanta.

"Tunda haka kika zaɓa, daga yau Lado ba ya sake taka zauren ubana. Muntari, ka ji?"

Muntari ya ji. Jin magana ne babbar sana'arsa.

Saboda haka da Lado ya dawo bayan kwana biyu, ta bakin hanya ya zagayo. Wajen rijiya damina ta ci kan katangar, ta ɗan rusuna. Zinariya ta kifa turmi ta hau. Shi yana tsaye a waje, rana ta yi sanyi, ma'aikatan da suka tashi daga ofis suna wucewa a kan kekuna, kowa yana rage gudu don ya gyara abin da bai lalace ba.

Ya rame. Leɓɓansa sun bushe.

"An saye gidan," ya ce.

"Na ji daga bakin mai sayen."

"Shanu shida muka daidaita da mai gidan. Na ce masa kwana huɗu, in je in kawo. Ya ɗaga hannu sama ya ce ko shekara zan yi gidan nawa ne. Na dawo na tarar ana shafa wa ƙofar shuɗin fenti."

"Gummi fa?"

"Na je. An nuna mini wani a bakin fadama, alamar ruwan bara tana nan a bango daidai ƙirjina. Mai shi ya ce shi ya sa ya yi mini sauƙi, shanu goma sha biyar." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Zinariya, tun watan Maulidi nake bin gida. In na kawo huɗu a ce shida. In na kawo shida a ce tara. Ban taɓa ganin abin da ba shi da ƙafa ya yi gudu haka ba."

"Ka sha ruwa?"

"Akwai wani kango a Bukkuyum, ɗaki ɗaya ne mai rufi. Sha ɗaya suka ce. Jibi kasuwar Gummi. Na sa a koro su."

Ta dafa katangar da hannu biyu.

"Sha ɗaya ke gare ka duka."

"Haka ne."

"Har da Ɗanya? Jikar saniyar da Innarka ta ba ka ranar sunanka?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon tsakuwar hanya.

Hawayen da ta hana Alhaji gani suka zubo. Ba ta share ba, don in ta saki katanga faɗuwa za ta yi.

"Kai ka ce mini in ka dubi saniyar nan kamar Innarka ba ta mutu duka ba. Za ka kai ta kara, mahauta su latsa mata ciki, don ɗaki guda da awaki sunka gama da shi?"

"To me zan yi? Yayanki katanga ya ce." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Ko kuwa ki yi abin da ya faɗa. Ya tare ni a tasha, ya yi mini bayani, kuma ban ga aibinsa ba. Ki sayar, in sayar da shanu biyar, mu sayi gida na sosai. A rubuta da sunanki in kina so. Wallahi ba zan ce uffan ba."

"Kafin a ƙirga mana kuɗin, Alhaji ya isa Bukkuyum ya dawo. Da kuɗin da ya ba mu za mu je mu sayi rabin abin da munka bari, a hannunai. Inna kuma ta kwana da diloli."

"Inna ta biyo mu."

"Gidan suruki? Ba ka san Inna ba."

"Ke dai ba ki so ki rabu da ɗakin nan."

"Ba ni so."

"Ya fi ni ke nan."

Wani akawu ya tsaya daf da su yana duba tayar kekensa. Zinariya ta dube shi har sai da tayar ta warke, ya wuce.

"Lado, ban taɓa gaya maka yadda na baro gidan Saminu ba. Ruwa ake yi. Takardar saki ya aiko mini da ita cikin kwanon tuwo, ya ce in fita kafin shi dawo masallaci. Shekara biyar ina shafe ɗakin nan da hannuna, ni na dasa lalle a bayanai. Na fito da kan keke a kaina, ƙafafun keken a hannu, maƙwabta suna leƙe. Na tsaya bakin hanya ban san gabas ba. Da na iso nan, Inna ta buɗe wanga ɗaki ta ce, shiga, naki ne, alƙali ya rubuta. Daren nan na yi barcin da ban yi ba shekara biyar. Na yi wa kaina alkawari ba wanda zai sake nuna mini ƙofa."

"Ni Saminu ne?"

"Saminu ma ba haka yake ba lokacin da yake zuwa zance."

Wannan ta shige shi. Ya ja da baya taki ɗaya.

"Ban ce za ka yi ba," ta ce. "Na fi kowa sanin ba za ka yi ba. Amma ina so in zamna da kai don ina so, ba don babu inda za ni ba. Ba ka ga wannan ya fi maka daraja ba?"

"To ina za mu zauna? A kan katanga?"

"Nan. Ɗaki biyu ne. Inna guda, mu guda. Ga rijiya, ga wurin aikinka kana hango shi."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare.

"In tare a gidanki?"

"Eh."

"A ce Lado an kai shi gidan mace, saura a sa masa lalle? Masinjan ofishinmu ma sai ya yi mini waƙa. Kawunnaina su ji a ruga, da wane ido zan dube su?"

"Kawunnanka a ruga, wa ke kafa musu bukka?"

Ya kawar da kai.

"Na tambaye ka. Shekara nawa ina kallonsu ta kan wagga katanga suna wucewa. In an sauka, wa ke lanƙwasa itace, wa ke rufa tabarmi? In za a tashi, wa ke naɗewa? Bukkar da anka haihe ka, ta wa ce?"

"Ta Innata."

"Babanka yana da ɗaki nashi?"

"Yana da shanu."

"Da dare fa, ina yake kwana?"

Lado ya juya fuska wajen sakatariya, inda ake sauke tuta.

"Kakanninka duka gidan mata sunka kwana," ta ce, "ba wanda ya ce ba maza ba ne. Kai kaɗai, da ka yi boko, za ka sai da abin da namiji ke riƙewa a wurinku don ka sayi abin da mace ke riƙewa. Yaya ya zage ka da ruga, ka ɗauki zagin ka rataya a wuya."

"Can daji ne, Zinariya. Nan gari ne. Dariyar gari ba ta ƙarewa."

"Tana ƙarewa. An yi mini ita da keke a kai. Wata biyu ta yi, sai akuyar liman ta haifi ukku, anka koma can."

Bai yi dariya ba. Hawaye ne ya gangaro masa, ya goge da bayan hannu da sauri, kamar wanda ƙuda ya taɓa.

"Ba zan iya ba. Ki bar ni in yi abin da maza ke yi. Jibi in sayar, in sayi kangon, in zo in dubi yayanki ido da ido."

"In ka sai da Ɗanya saboda ni, kada ka dawo. Ba ni zama a ɗakin da za ka riƙa duban bangonai kana ganin Innarka."

"Zinariya."

"Na gama."

Ya tsaya yana jira ta janye. Ita ma tana jira. Aka kira magariba, babu wanda ya janye. Ya juya ya bi hanyar da shanu suka fitar, bai waiwayo ba.

Ta sauko daga kan turmin, ta zauna a gindinsa, ta yi kukan da ya rage.

Inna ta bari sai da ta idar da salla.

"Ya isa haka. Rijiyar ba ta ƙafe ba, ba a neman gudummawa."

"Inna, na kore shi."

"Na ji. Duk unguwa ta ji. Amma ko da ya ce to, ta ina zai shigo? Ta kan turmi?"

Zinariya ta ɗago.

"Ubanki don shanu ya ja katangar nan," in ji Inna. "Shanun sun bar bi."

"In na fasa ƙofa, ciniki ya mutu. Yaya ba zai sake gaishe mu ba."

"Yanzu mu yake gaisarwa? Bangon yake zuwa dubawa."

Washegari Zinariya ta aika aka kira Shitu magini, tsohon da ya yi wa mahaifinta aiki. Suka daidaita a kan ɗinkin sallar 'ya'yansa mata huɗu. Ya ce gobe da sassafe, kafin rana ta taurara ƙasa.

Goben ita ce ranar kasuwar Gummi.

Shitu ya zo da diga da gawayi. Ya zana ƙofa a jikin katanga ta waje, daidai faɗin mutum ɗaya, ya yi bisimilla. Sara na uku ne ya fito da Atiku daga soro, ba hula. Ya bi ta zaure ya zagayo bakin hanya, Muntari yana biye.

"Shitu, mi kake yi?"

"Ƙofa, ɗan Malam."

"Da izinin wa?"

"Nawa," in ji Zinariya ta cikin ramin da ya fara buɗewa. Fuskarta kawai ake gani, ƙura ta hau mata gira. "Ka hana zaurenka, kuma kana da gaskiya, naka ne. Wannan bangon nawa ne. In an gama nan za a ja wani tsakanina da kai, kowa shi san iyakarsa."

Fijo ta tsaya a bayansu. Atiku ya yi wa Alhaji alkawarin yau za a dangwala, saboda haka ya zo da takarda da tawada. Ya fito ya tsaya yana kallon digar. Duk saran da Shitu ya yi sai kafaɗarsa ta motsa, kamar a jikinsa ake yi.

"Dakata, Shitu. Ɗiyar Malam, dubu shida. Ukku naki ke kaɗai."

"Baɗi nawa za ka ce, Alhaji?"

Wannan karon ya kama bakinsa kafin ya riga shi. Shirun ya ishi kowa amsa. Har Muntari ya dubi yayansa, karo na farko a rayuwarsa, da alamar tambaya.

Mutane sun fara taruwa. Masu zuwa ofis sun jingine kekuna, yau ba wanda ya yi ƙaryar taya.

"Kin tara mana jama'a," in ji Atiku. "Kin fasa katangar ubanki don namijin da yanzu haka yana Gummi yana ciniki da mahauta, in bai gudu ba. Jiya an ga shanunai kan hanya. Wa zai shigo miki ta wagga ƙofa?"

Zinariya ba ta san an ga shanun a hanya ba. Ta dafa bakin ramin, ƙasa ta marmashe a hannunta.

"Ni zan fita ta cikinta, in dawo ta cikinta," ta ce. "Ya isa dalili. Ci gaba, Baba Shitu."

"Ko ya dawo ba ni ɗaurawa."

"Alƙalin da ya rubuta rabon yana nan da ransa. Ka je ka gaya mishi dalilinka, ni ma in gaya mishi nawa. Ka tahi da Alhaji, shi kawo takardar."

Shitu ya ci gaba. Ƙasa ta zube har ƙasa, hasken hanya ya faɗo tsakar gida, ya taɓa bakin rijiya. Inna ta jawo tabarmarta daidai wurin ta zauna, tana kallon duniya.

Sai aka ji ƙarar babur daga yamma.

Babur ɗin ma'aikata ne, wanda Lado ke zaga rugage da shi, akwatin allura ɗaure a baya. Laka ta rufe shi har sirdi. Ya tsaya, ya kafe shi, ya ratso mutane. Bai dubi ramin ba. Ya rusuna wa Atiku kamar yadda ake rusuna wa yayan mace.

"Yaya Atiku, ina kwana."

Atiku ya juya masa ƙeya. Alhaji ne ya kasa daurewa.

"Malam, shanun nawa sunka yi?"

"Suna kiwo, Alhaji. Na tare su a mashaya na mayar." Ya koma kan Atiku. "Kawuna zai zo Alhamis ya gan ka. In bai same ka ba, zai ga alƙali."

"Gidan mace za ka tare?" Atiku ya ɗaga murya don na baya su ji. "Ba ka jin kunya?"

Wani ya yi dariya a cikin taron, wasu suka taya shi. Lado ya jira har suka gama. Kunnuwansa sun yi ja, amma bai sunkuya ba.

"Ina ji," ya ce. "Amma a irinsa aka haife ni."

Sannan ya juya ya dubi ƙofar, daga sama har ƙasa, ya dubi babur ɗinsa.

"Baba Shitu, ta yi ƙunci. Ƙara taki ɗaya, kan babur ba zai shiga ba."

Shitu bai ɗaga diga ba. Ya leƙa ciki, wurin wadda ta ɗauke shi aiki.

Zinariya ta goge fuska da gefen mayafi, ƙura da hawaye suka zama laka a kumatunta. Ta dubi Lado sosai, ta ɗauki lokacinta.

"Ƙara mishi taki guda," ta ce. "Guda kawai."